Oduro Ya Tafi Intabiyu da Kakaki

A gidan hayarmu da ke unguwar Krofrom a Kumasi, idan ka ji ana gardama da safe a bakin famfo, ba sai ka leƙa ba, Oduro ne yake koya wa mutane yadda ake samun aiki. Shi kuwa tun da ya gama jami'a bai taɓa karɓar albashin kowa ba. Wannan bai hana shi zama gwanin intabiyu na unguwa ba. Ya san yadda ake zama, ya san yadda ake murmushi, ya san inda ake ajiye hannu. Duk wanda ya je neman aiki ya dawo gwiwa a sanyaye, Oduro zai tare shi a ƙofar gida ya lissafa masa kurakuransa ko bai tambaya ba. Shi ya sa muke kiransa Manaja, shi kuma yana amsawa.

Ni Gyamfi aski nake yi a ɗan shagon da ke jikin gidan, ɗakina kuma manne yake da nasa, saboda haka ni na fi kowa shan wa'azinsa. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi gwada wannan ilimi a kansa. Ya ce har yanzu bai ga kamfanin da ya kai ya ɗauke shi ba.

Ana nan sai kawunsa, Wofa Adusei, ya sauko daga Sefwi inda yake da gonar koko. Shi ya biya wa Oduro kuɗin karatu tun daga firamare, kuma bisa al'adarmu Oduro ne zai gaje shi, tunda ɗan 'yar'uwarsa ne. Tsohon bai zo hannu rabbana ba. Ya zo da sabuwar adda da dogon takalmin roba, ya jingine su a ƙofar ɗakin Oduro, ya ja kujera ya zauna.

"Na ji an kira ka intabiyu ranar Alhamis," in ji shi.

"Haka ne, Wofa. Kamfanin tankunan ruwa ne a Asokwa. Suna neman wanda zai riƙa amsa wayar masu ciniki. Ƙaramin aiki ne, amma zan taimaka musu."

"To, taimaka musu. In sun ɗauke ka, na koma da addata. In ba su ɗauke ka ba, ranar Juma'a mota ɗaya za mu shiga. Na gaji da ciyar da digiri."

Babu abin da Oduro yake tsoro a duniya kamar gonar nan. Sau ɗaya ya taɓa zuwa yana yaro, cinnaku suka shige masa wando, tun daga ranar ko shayin koko ba ya sha da daɗin rai. Na ga goshinsa ya tsattsafo da gumi, amma baki bai mutu ba. Da yamma ya tara mu a tsakar gida ya ce ya gano sirrin da ya gagari masu neman aiki duka.

"Kun san me ya sa ba a ɗaukarsu? Kowa ya rungumi takardu ya tafi shi kaɗai kamar maraya, a tambaye shi ya amsa, a sake tambaya ya sake amsawa. Wa zai ba ka girma? Ku dubi manyanmu. Kun taɓa ganin babban mutum ya je wurin babban mutum yana magana da bakinsa? Da kakaki yake zuwa, da laima, da kwalbar gaisuwa. Shi nasa zama ne da gyaɗa kai. Haka zan je musu."

Maame Frimpomaa, mai gidan namu, tana dakan fufu ta ce, "Manaja, aikin amsa waya ne fa. In wayar ta yi ƙara, kakakin ne zai ɗauka?"

"Maame, ke dai ki ci gaba da dakanki. Harkar ofis ba turmi ba ce."

"Turmin nan dai shi yake ciyar da kai."

Kakakin da ya zaɓa shi ne Agya Ntim na ɗakin ƙarshe, mai sanarwa a wuraren jana'iza. Babu wanda bai san muryarsa ba a Kumasi. In ya riƙe lasifika ya fara karanta tarihin mamaci, har wanda ya zo cin shinkafa kawai sai ya share hawaye. Oduro ya damƙa masa takardun makarantarsa duka ya ce ya haddace. Agya Ntim ya duba ya ce ai wannan aikinsa ne na kullum, an haife shi, ya yi makaranta, ya yi hidimar ƙasa, duk tarihi ɗaya ne. Ni aka ba ni riƙon laima. Na yarda ne don ba na son a ba ni labari.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Maame Frimpomaa ta buɗe akwati ta fito da kenten mijinta marigayi, saƙaƙƙen zanen nan na manya, ta ba shi aro tana ja masa kunne. Oduro bai taɓa yafa zane ba a rayuwarsa, amma ya ce abin a jininsa yake. Ya naɗa ya warware, ya sake naɗawa, ya yi taku biyu na ƙasaita, sannan ya ɗebo gefen zanen ya watsa bisa kafaɗa kamar yadda manya suke yi. Gefen ya wuce kafaɗar ya sauka cikin tukunyar miyar kwakwa da ke kan wuta. Maame ta zo ta kama bakin zanen ta riƙa ja, Oduro yana juyawa, har ta tattare kayanta ta bar shi tsaye da gajeren wando.

Babu wanda ya yarda ya sake ba shi aron kente. Agya Ntim ya ce shi yana da zannuwa cike da akwati, sai dai duk baƙaƙe ne na makoki.

Na ce, "Manaja, baƙin zane fa. Ka san abin da mutane za su ɗauka."

"Mutumina, ka taɓa ganin Bature ya je intabiyu da jan kwat? Baƙi shi ne launin ofis a duk duniya. Kai dai ka yi mini aski na manya."

Na zaunar da shi na fara. Na roƙe shi ya tsayar da kansa, amma yana cikin nuna wa masu jiran layi yadda zai gyaɗa wa darakta kai, ya gyaɗa da ƙarfi, inji ya yi masa hanya tun daga goshi har tsakiyar kai. Ba yadda za a gyara sai a kwashe duka. Ya dubi madubi ya ga ƙwaryar kansa tana sheƙi, sannan ya ce dama manyan attajirai ba sa tara gashi. Ya aro baƙin tabarau don ya cike gurbin.

Saura hoto. Kamfanin ya ce a zo da ɗan ƙaramin hoto. Oduro ya ce ƙaramin hoto na ƙananan mutane ne. Ya ciro babban hotonsa na bikin gama jami'a daga bango, mai gilashi da firam. A hoton siriri ne, da gashi, da hular digiri, mai hoton kuma ya goge masa fuska har ta yi haske. Wanda zai riƙe hoton aka rasa, sai Maame Frimpomaa ta ce ita za ta riƙe. Ta ce dama tana da jana'iza a Atonsu da rana, ita da Agya Ntim, hanya ɗaya ce, kuma tana son ta ga ƙarshen wanda ya ɓata mata kente.

Haka muka fito ranar Alhamis da hantsi: Oduro cikin baƙin zane, kai a aske, ido a rufe da tabarau, Agya Ntim cikin nasa baƙin, da kwalba biyu na giyar gaisuwa a hannu, Maame cikin baƙaƙen kayanta da ɗankwali, ta rungume hoto a ƙirji, ni a baya da baƙar laima. Wofa Adusei yana zaune a ƙofar gida yana wasa addarsa a dutse. Ya ɗago ya dube mu daga sama har ƙasa, ya koma kan wasa addarsa.

A motar haya mutane suka matsa mana. Wata tsohuwa ta dafa Maame ta ce, "Sannunku da haƙuri. Yaro ƙarami haka." Karen mota ya rage sautin rediyo.

Na raɗa wa Oduro, "Ka ji abin da ake cewa?"

"Talaka in ya ga babban mutum rikicewa yake yi, bai san gaisuwar da zai yi ba. Daga yanzu kada ka sake yi mini magana kai tsaye. Ka bi ta wurin Agya."

Mun tarar da ɗakin jira cike da samari da 'yan mata, kowa ya sha kwat da takalmi, ya rungume takardunsa. Oduro ya fara gaisawa da su hannu da hannu daga dama zuwa hagu, kamar yadda aka saba, su kuma suka miƙe tsaye suna sunkuyar da kai. Sakatariya tana ganin Agya Ntim ta dafe ƙirji. Ba ta tambayi sunan kowa ba, ta shige ciki da sauri, ta dawo ta ce darakta ya ce mu shigo yanzu. Oduro ya waiwayo ya dubi masu jiran layi ta saman tabarau, ya dube ni, ya ɗaga gira.

Daraktan, Mista Boadu, dattijo ne mai furfura da ladabi. Ya taso daga bayan teburinsa ya ba mu kujeru, ya sa aka kashe fanka saboda laimata, aka kawo mana ruwa muka sha. Sannan ya bi mu da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya zauna ya ce, "Nan dai lafiya muke. Ku ne kuka yi tafiya. Me ke tafe da ku?"

Agya Ntim ya miƙe, ya sauke zane daga kafaɗa, ya ajiye kwalaben nan biyu a kan tebur. Ya yi gyaran murya. Ni dai tun daga gyaran muryar na san mun shiga uku, don murya ɗaya gare shi, kuma ba ta ofis ba ce.

"Mun kwana lafiya a Krofrom," ya fara, a hankali, yana jan kowace kalma. "Ba da son ranmu muka tayar da kai daga aikinka ba. Maganar ɗanmu ce ta kawo mu. Yaw Oduro Kwarteng."

Maame ta ɗaga hoton sama. Mista Boadu ya cire gilashinsa ya ajiye.

"An haife shi ranar Alhamis, kamar yau. Tun yana ƙarami malamansa suka ce wannan yaro zai yi nisa. Ya yi firamare, bai taɓa faɗuwa ba. Ya yi sakandare. Ya shiga jami'a, kawunsa ya sayar da koko buhu bayan buhu, yana cewa wata rana yaron nan zai share mini hawaye. Yaro mai fara'a. Yaro mai son mutane. Bai taɓa ganin wani cikin damuwa ya wuce bai ba shi shawara ba."

Maame Frimpomaa ta shekara talatin tana jin wannan murya a wuraren makoki, kuma jikinta ya riga ya saba. Ban san lokacin da ta fara ba, na dai ji shessheƙa, na duba na ga hawaye yana ɗiga kan gilashin hoton. Shi ma Agya Ntim da ya ji kuka a bayansa sai ya ƙara wuta, muryarsa ta soma rawa. Na zunguri Oduro da gwiwa. Ya jingina da kujera, ya ɗora hannu bisa ciki, yana gyaɗa kai a hankali. Tun da aka haife shi ba a taɓa yabonsa haka a gaban mutane ba, kuma ba ya son ko kalma ɗaya ta wuce shi.

"Manaja," na ce ƙasa-ƙasa, "binne ka ake yi."

"Riƙe laima," ya ce ta gefen baki.

Agya Ntim bai kai ga maganar aiki ba Mista Boadu ya ɗaga hannu. "Agya, ya isa haka. Kada ka ƙara wa uwar nan ciwo." Ya jawo kwalaben gabansa. "Na karɓi saƙonku."

Oduro ya taka ƙafata, wai in ga an karɓi kwalba.

Daraktan ya juyo wurinsa, ya ɗan rusuna, ya kira shi da laƙabin da ake kiran manya. "Nana, kai ne babban dangi, na gani. Allah ya ba ku haƙuri. Kun kyauta da kuka tako da kanku, ba kowane gida ne zai tuna da kamfanin da yaro bai ma fara aiki a cikinsa ba."

Agya Ntim ya amsa da abin da bakinsa ya saba: "Mun gode. Allah ya bar zumunci."

"Abin da ya fi taɓa ni," in ji Mista Boadu yana goge ido da hankici, "cikin duk waɗanda suka nema, mutum biyu muka ware. Shi da wata yarinya. Shi ne ma a gaba. Niyyata in ji muryarsa kawai, in ga ya iya gaisuwa, in ba shi aikin." Ya kira sakatariya. "Ki buɗe ƙofa ki ce wa masu jira su miƙe a yi shiru don girmama ɗan'uwansu. In an gama, ki shigo da yarinyar nan Afrakoma ta sa hannu, ta fara ranar Litinin."

Ƙofa ta buɗe, ɗakin jira ya miƙe tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. A cikin wannan shirun ne maganar ta gama isa ƙwaƙwalwar Manaja. Ya zabura ya miƙe, kansa ya daki laima, baƙin zanen da ba a naɗa da kyau ba ya sulale ya taru a ƙafafunsa. Ya tsaya a tsakiyar ofis da gajeren wandon ƙwallo da baƙin tabarau.

"Ni ne! Ranka ya daɗe, ni ne Oduro, ban mutu ba."

Wata yarinya a ɗakin jira ta saki takardunta ta yi waje. Mista Boadu ya mayar da gilashinsa, ya dubi hoton, ya dubi Oduro, ya sake duban hoton.

"Wannan ba kai ba ne."

"Ni ne, kafin in yi ƙiba. Maame, faɗa masa."

Maame ta fyace hanci ta ce, "Shi ne. Wannan na hoton ya fi shi hankali, amma shi ne."

"To wa ya rasu?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Intabiyu na zo."

"Da baƙin zane? Da kwalba? Da Agya Ntim?"

"Tsari ne na manya. Babban mutum ba ya magana da bakinsa."

Mista Boadu ya ninke hankicin da ya jiƙa ya sa a aljihu. Da ya buɗe baki, bai dubi Oduro ba, Agya Ntim ya duba.

"Agya, tunda ta wurinka ake magana, ka faɗa wa babban mutum cewa aikin nan na amsa waya ne. Ka faɗa masa ina zaune aka yi makokinsa a gabansa, na yi masa kuka, bai yi ko tari ba. In mai ciniki ya kira ya ce tankinsa yana yoyo, sai gidansa ya cika da ruwa kafin a amsa. Ka faɗa masa na riga na ba Afrakoma, kuma kwalba ba ta komawa."

Agya Ntim mutum ne mai riƙon amanar aiki. Ya juya ya fuskanci ɗakin jira, ya maimaita saƙon kalma bayan kalma da muryar da ake ji daga Asokwa har bakin titi, har ya ƙara da nasa gishirin. Masu kwat suka fara dariya a cikin hannu, daga baya suka daina ɓoyewa. Ni na naɗe laima na tattara zanen na yafa wa Oduro, don gaskiya a lokacin ya ba ni tausayi.

Muna fita daraktan ya kira Agya Ntim gefe. Ashe gwaggonsa ce ta rasu, za a yi jana'izarta wata mai zuwa, yana neman mai sanarwa. Cikinmu huɗu da muka je, shi kaɗai ya dawo da aiki.

Labari ya riga mu isa Krofrom, amma rabinsa ne ya isa. Tsohuwar nan ta cikin mota ta gane fuskar da ke hoton, ta kuma faɗa wa wadda ta faɗa wa wata. Mun tarar an fara jera kujerun roba a ƙofar gida, mata suna ta shigowa da baƙin ɗankwali. Wofa Adusei yana zaune a tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa, bai gyara wa kowa zance ba. Da suka hango Oduro yana tafe, wasu suka watse, wasu suka tsaya suna masa faɗa wai ya sa sun rufe shaguna a banza.

Washegari na raka su tashar motar Sefwi. Oduro yana sanye da dogon takalmin roba, addar tana naɗe cikin jarida a hammatarsa. Agya Ntim ma ya zo, wai bai kamata ya bar aiki a rabi ba. Da aka fara kiran fasinja, Oduro ya ajiye addar, ya durƙusa a gaban kawunsa a bainar jama'a, ya fara magana. Ban taɓa jin ya yi magana irin wannan ba. Babu cika baki, babu Turanci. Ya ce ya yi wauta, ya ce ya san wahalar da aka sha a kansa, ya roƙi a ba shi dama ɗaya tak ya je wani wurin shi kaɗai da takardunsa kamar kowa. Muryarsa a natse, kalmominsa a jere, har mai sayar da burodi ta tsaya tana saurare. Na rantse, da a ce Mista Boadu ya ji rabin wannan jiya, da yanzu Oduro yana da teburi da waya.

Wofa Adusei ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya sunkuya ya ɗauki addar, ya miƙa wa Agya Ntim.

"Agya, ka ba shi. Ka ce masa babban mutum ba ya magana da bakinsa. Ya shiga mota."